Abdullahi na Gwandu: Malamin Shari'a a Tsakanin Sarakuna

Jega da Aliero da Maiyama duk suna cikin ƙasar Gwandu, watau yankin yamma na daular Usmaniyya wanda Shehu ɗan Fodiyo ya danƙa wa ƙanensa Abdullahi a 1812. Jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006 sunansa take ɗauke da shi yanzu. Yawancin mutane sun fi saninsa da jan ragamar yaƙin Tafkin Kwatto na 1804, alhali kuwa malanta ita ce sana'arsa tun daga ƙuruciya har ƙarshen rayuwarsa, kuma fannin da ya fi damunsa shi ne matsayin mai mulki a gaban shari'a.

An haife shi wajen 1766. Ya fara karatu wurin mahaifinsu, sa'an nan wansa Usmanu, wanda ya girme shi da kimanin shekara 12, ya karɓe shi. Ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru da waɗansu malamai da dama, waɗanda ya jera sunayensu da littattafan da ya ɗauka gare su a cikin Ida'un Nusukhi. Wannan ɗan littafi shi ne takardar shaidar karatunsa, irin ta wancan zamani.

Tun kafin a gama jihadi ransa ya ɓaci da abin da ya gani a cikin jama'a: son dukiya, da neman muƙami, da tara dawaki da ƙwaraƙwarai. Wajen 1807 sai ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka, kamar yadda ya bayyana da kansa a Tazyinul Waraƙati. Bai wuce Kano ba. Mutanen birnin suka tsai da shi, ya karantar da su tafsiri, suka kuma roƙe shi ya rubuta musu abin da za su yi hukunci da shi. Dalilin wallafa Liya'ul Hukkami ke nan, inda ya tsara yadda ake naɗa shugaba, da haƙƙoƙin da ke wuyansa, da ayyukan waziri da alƙali da sauran ma'aikata. Ginshiƙin maganarsa shi ne bambanci tsakanin imami da sarki: imami ana zaɓensa ne don cancanta, kuma shari'a tana bisa kansa, sarauta kuwa gādo ce da fin ƙarfi.

A nan ne ya saɓa da malaminsa. Shehu ya ga cewa abin da malaman mazhabobi suka yi saɓani a kansa, kamar kaɗe-kaɗe da tufafin ado ga shugabanni da laƙabin sarauta, bai kamata a tsananta wa mutane a kai ba. Abdullahi ya tsaya a kan mashhurin zancen Malikiyya, yana tsoron kada sauƙi ya buɗe ƙofar komawa ga al'adun da aka yi yaƙi dominsu. Ya faɗi haka a Liya'us Sulɗani, Shehu ya mayar masa da jawabi a Najmul Ikhwani. Abin lura a nan, ga ma'aikacin hukuma musamman, shi ne waziri ya yi wa shugabansa raddi a rubuce, aka amsa masa da hujja, ba a tuɓe shi ba.

Da Shehu ya rasu a 1817, Muhammadu Bello aka yi wa mubaya'a, ba Abdullahi ba. Tsakaninsu ya yi sanyi har lokacin da magoya bayan Abdussalami na Gimbana, waɗanda suka tsira daga Kware, suka yi sansani a Kalambaina kusa da Gwandu. Bello ya kawo wa baffansa ɗauki, suka ci garin, suka shirya. Bayan wannan ne Buhari ɗan Abdussalami ya bi Gwandu, ya kafa Jega.

Daga nan Abdullahi ya bar yawancin harkar mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya koma ga ɗalibai da alƙalami. Ya riga ya gama babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'wili. Sai ya taƙaita shi a Kifayatu Du'afa'is Sudan domin masu ƙaramin karatu. Ya rasu a Gwandu a 1829. Ɗansa ne ya gaje shi, kuma sarautar Gwandu ta zauna a zuriyar mutumin nan da ya yi ta rubutu yana sukar mulkin gādo.