Alpha Jet: jirgin koyon tuƙi da ya zama ingarman yaƙin Sojin Saman Najeriya

A cikin jiragen yaƙin da Rundunar Sojin Saman Najeriya ta mallaka tun kafuwarta a 1964, babu wanda ya daɗe yana aiki, ko ya yawaita shiga fagen daga, kamar Alpha Jet. Ga shi kuwa ba don yaƙi aka fi sayensa ba. An kawo shi ne domin ƙarasa horar da matuƙa kafin su hau manyan jirage irin su MiG-21 da Jaguar. Waɗancan manyan sun daɗe da yin shiru a rumfunansu, shi kuwa ƙaramin ya haura shekara 40 yana tashi, daga Laberiya da Saliyo har dajin Sambisa da dazukan Zamfara.

Asali da ƙira

Alpha Jet haɗin gwiwa ne tsakanin Faransa da Jamus ta Yamma. Kamfanin Dassault-Breguet na Faransa da kamfanin Dornier na Jamus ne suka ƙera shi, ya kuma yi tashinsa na farko ranar 26 ga Oktoba, 1973. Buƙatun ƙasashen biyu sun sha bamban. Faransawa jirgin horo suke so, Jamusawa kuma ƙaramin jirgi mai kai farmaki kan abokan gaba a ƙasa. Shi ya sa aka fitar da samfuri biyu, kuma ana iya bambanta su da ido: na Faransa hancinsa a dunƙule yake, na Jamus kuwa mai tsini ne. An ƙera kimanin 500 gaba ɗaya. A Afirka, ban da Najeriya, ƙasashen Masar da Maroko da Kamaru da Togo da Kwaddebuwa duk sun saye shi.

Kujeru biyu gare shi, ɗaya a bayan ɗaya, ta ɗalibi a gaba, ta malami a baya. Injinansa biyu ne ƙirar Larzac, gudunsa yana kaiwa kimanin kilomita 1,000 a sa'a, wato bai kai saurin sauti ba. Yana iya ɗaukar makamai masu nauyin kilo 2,500 ko kusa da haka: bama-bamai da rokoki a ƙarƙashin fukafukai, da babbar bindiga da ake maƙala masa a ciki. Ba shi da na'urar rada ta farautar jiragen abokan gaba, kuma a ƙirarsa ta asali matuƙi da idonsa yake neman abin da zai kai wa hari. Wannan batu na ido ya kamata mai karatu ya riƙe shi, domin daga gare shi ne yawancin yabo da zargin da suka biyo jirgin suka samo tushe.

Zuwansa Najeriya

Najeriya ta sayi guda 24 daga hannun Dornier, a rukuni biyu na 12, kuma na farko ya fara isowa a farkon shekarun 1980, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari. Zaɓen Jamus ba baƙon abu ba ne. Jamusawa ne suka taimaka aka kafa rundunar, har ma shugabanta na farko, Kanar Gerhard Kahtz, Bajamushe ne. Gidan jiragen shi ne sansanin Kainji a Jihar Neja, inda ake koyar da dabarun yaƙin sama.

A lokacin, idon jama'a na kan wasu jiragen. MiG-21 na Tarayyar Sobiyet, wanda aka fara kawowa a 1975, ya ninka saurin sauti. Jaguar guda 18 da aka sayo daga Birtaniya a 1984 su ne abin alfahari. Amma kuɗin kula da su ya yi wa ƙasar nauyi bayan faɗuwar farashin man fetur, kuma zuwa farkon shekarun 1990 Jaguar sun daina tashi, suka zauna a Makurɗi, ba tare da sun yi wani yaƙin a zo a gani ba. MiG-21 ma suka bi sahu. Alpha Jet bai fi su ƙarfi ba. Ya fi su sauƙin gyara ne, da ƙarancin shan mai, da haƙurin sauka a filayen da ba su da kayan aiki sosai. Da ranar buƙata ta zo, shi aka tarar a tsaye.

Laberiya da Saliyo

Ranar ta zo ne a 1990. A watan Agusta na shekarar, ƙungiyar ECOWAS, wadda hedikwatarta ke Legas a lokacin, ta kafa rundunar ECOMOG domin shiga tsakani a yaƙin basasar Laberiya, kuma Najeriya ƙarƙashin Janar Ibrahim Babangida ce ta ɗauki mafi yawan nauyin. Dakarun sun sauka Monrobiya ranar 24 ga Agusta. Bayan da mayaƙan Prince Johnson suka kama Shugaba Samuel Doe a harabar hedikwatar ECOMOG ranar 9 ga Satumba suka kuma kashe shi, an miƙa ragamar rundunar ga Manjo Janar Joshua Dogonyaro, aikin kuma ya sauya daga sa ido zuwa yaƙi gadan-gadan. Daga filin jirgin Lungi na Saliyo jiragen Alpha Jet suka riƙa tashi suna dukan sansanonin mayaƙan Charles Taylor da hanyoyin da suke samun makamai.

Aikinsu mafi nauyi ya zo ne a Oktoban 1992, lokacin da Taylor ya ƙaddamar da gagarumin farmaki don ƙwace Monrobiya. Mayaƙansa sun kai har unguwannin bakin birnin. Jirage 'yan ƙalilan ne, amma Taylor ba shi da ko ɗaya da zai tare su, don haka suka yi ta ruwan wuta a kan hanyoyin Kakata da Gbarnga da tashar jiragen ruwa ta Buchanan, har aka tura mayaƙan baya. Da wuya a ba da tarihin yadda Monrobiya ta tsira a wannan karon ba tare da ambaton su ba.

Sai dai nasarar ta zo da tabo. A rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 1993, ta zargi jiragen ECOMOG da kai hari kan wuraren fararen hula, ciki har da asibitin Phebe da ke kusa da Gbarnga, da ayarin motocin agaji. Kwaddebuwa ma ta yi ƙorafin cewa an jefa bam a cikin iyakarta. ECOMOG ta riƙa cewa mayaƙan Taylor suna fakewa ne a cikin jama'a suna kuma safarar makamai da sunan agaji. Ko da hakan gaskiya ne, matuƙin da ke gudun ɗaruruwan kilomita a sa'a, da bam marar jagora, ba shi da halin tantance motar magani da motar harsashi.

A Saliyo labarin ya fi gajarta. Sojoji ƙarƙashin Manjo Johnny Paul Koroma sun hamɓarar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah ranar 25 ga Mayu, 1997. A Fabrairun 1998 dakarun ECOMOG suka ƙwace Firitawun da taimakon Alpha Jet, waɗanda har suka tare jirage masu saukar ungulu biyu ɗauke da jami'an gwamnatin sojan da ke tserewa, suka tilasta musu sauka a Monrobiya. Kabbah ya koma kujerarsa a watan Maris. An sake amfani da jiragen a Janairun 1999, lokacin da 'yan tawaye suka kutsa cikin birnin.

Shekarun ƙarancin kayan gyara

Duk wannan ya faru ne a daidai lokacin da ƙofofin Turai ke rufewa. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa da abokansa takwas a Nuwamban 1995, Tarayyar Turai ta ƙaƙaba wa Najeriya takunkumin sayar da makamai. Jirgin da Faransa da Jamus suka ƙera kuwa daga can kayan gyaransa ke fitowa. Injiniyoyin rundunar suka koma ciro kaya daga jirgin da ya kwanta suna tayar da wani, dabarar da kowane bakanike ya sani, wadda kuma ƙarshenta shi ne raguwar adadi.

A nan ne Legas ta shigo tarihin jirgin, duk da cewa ba gidansa ba ce. Hedikwatar sashen rundunar mai kula da sayo kayan aiki da adana su da rarraba su tana sansanin Sam Ethnan a Ikeja, maƙwabciyar Agege. Mazauna Zangon Agege, waɗanda ƙarar jiragen filin Murtala Muhammed ta zame musu jiki, ba safai suke ganin Alpha Jet a samaniyarsu ba. Amma aikin da ake yi a ofisoshi da ma'ajiyun da ke kusa da su yana cikin abin da ke sa jirgi ya tashi ko ya kwana a ƙasa a Kainji ko Yola ko Maiduguri, kuma da yawa daga cikinsu 'yan asalin garuruwan da jirgin ke shawagi a kansu ne a yau.

Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 an yi ta ƙoƙarin farfaɗo da waɗanda suka kwanta. An kuma sayo jiragen F-7 guda 15 daga Sin domin cike gurbin MiG-21, amma haɗurra sun rage su, kuma ƙirarsu ta tare jirage ce a sama, ba ta bin 'yan bindiga a daji ba.

Yaƙi a cikin gida

Da rikicin Boko Haram ya ƙazanta, musamman bayan ayyana dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013, Alpha Jet ya sake zama abin dogaro. A farkon shekarar an riga an tura wasu Yamai domin tallafa wa dakarun Afirka a Mali, kuma ranar 6 ga Mayu ɗaya ya faɗi kusa da Dargol a yammacin Nijar, matuƙansa biyu suka rasu.

Ranar 12 ga Satumba, 2014, wani ya tashi daga Yola bai dawo ba. Daga baya Boko Haram ta fitar da bidiyon kisan wani mutum da aka gane cewa matuƙin jirgin ne, Win Kwamanda Chimda Hedima. Wannan ya nuna sabon haɗarin da jirgin ya shiga. Domin ya ga abin da zai daka, dole ya sauko ƙasa-ƙasa, a can kuma manyan bindigogin da mayaƙan ke girkawa a bayan motoci suna iya cim masa.

A 2015 an ƙaro guda 4 na hannu daga Amurka, tsofaffin jiragen sojin saman Jamus da aka cire wa makamai. Injiniyoyin rundunar ne suka mayar musu da makaman a gida, abin da shugabanninta, a zamanin Eya Mashal Sadique Abubakar, suka riƙa nunawa a matsayin shaidar dogaro da kai. A Janairun 2017 kuma an tura wasu Dakar lokacin da Yahya Jammeh ya ƙi sauka daga mulkin Gambiya. Sun yi shawagi, ba su jefa komai ba, Jammeh ya bar ƙasar ranar 21 ga watan.

Zargin da ya bi jirgin a Laberiya ya biyo shi gida. Ƙungiyar Amnesty International ta ce ranar 4 ga Disamba, 2017, wani Alpha Jet da jirgi mai saukar ungulu sun harba rokoki kan ƙauyukan yankin Numan a Adamawa, ciki har da Lawaru da Dong, a yayin rikicin makiyaya da manoma, kuma aƙalla mutum 35 sun mutu a hare-haren ranar. Rundunar ta musanta cewa ta auna fararen hula, ta ce maharan ta nufa. Muhawarar ba ta rufu ba, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu cewa aikin da ake ɗora wa jirgin ya wuce abin da idon matuƙi zai iya tabbatarwa.

Shekarar 2021 ta yi wa jiragen tsanani. Ranar 31 ga Maris, mai lamba NAF 475 ya ɓace a Borno da Filait Laftanar John Abolarinwa da Filait Laftanar Ebiakpo Chapele. Boko Haram ta yi iƙirarin harbo shi, rundunar ta ce bidiyon da aka nuna haɗe-haɗe ne, kuma sai bayan kusan shekara guda sojoji suka gano tarkacensa a Sambisa. Ranar 18 ga Yuli, 'yan bindiga suka harbo wani a kan iyakar Zamfara da Kaduna yana dawowa daga aiki. Matuƙinsa, Filait Laftanar Abayomi Dairo, ya cilla kansa waje da kujerar tsira ya sauka da laima. Ya ɓuya har dare ya yi, ya bi taswirar wayarsa cikin duhu yana kauce wa maɓoyar 'yan bindigar, har ya isa wani sansanin sojan ƙasa. Jama'a sun yi murna da tsirarsa, amma abin da lamarin ya tona ya fi girma: ɓarayin daji a Arewa maso Yamma sun mallaki makaman da za su kakkaɓo jirgin yaƙi.

A cikin waɗannan shekaru jirgin bai bar aikinsa na asali ba. Matuƙan yaƙin rundunar da dama ta kansa suka bi, kuma shi ne jirgin Kafayat Sanni, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin yaƙi a Najeriya, wadda aka liƙa wa lambar fukafukai a Oktoban 2019.

Magada

Tun 2021 nauyin ya fara raguwa a kansa. A shekarar aka karɓi JF-17 guda 3 daga Pakistan, da A-29 Super Tucano guda 12 ta hannun Amurka, waɗanda aka ajiye a Kainji, gida ɗaya da Alpha Jet. Super Tucano mai farfela ne, bai kai shi gudu ba, amma yana daɗewa a sama, yana da na'urorin gani dare da rana, yana kuma harba makamai masu bin saiti. Magajin da aka zaɓa masa kai tsaye shi ne M-346 na kamfanin Leonardo na Italiya, wanda rundunar ta sanar da sayen guda 24, adadi ɗaya da na Alpha Jet da aka fara kawowa. Shi ma mai kujeru biyu ne da injina biyu, shi ma asalinsa jirgin horo ne da aka ɗora wa makamai.