Daga Rama Zuwa Ƙiba: Tarihin Ci da Aikin Jiki a Ƙasar Funtua da Malumfashi

Ƙasar da ta tashi daga Funtua zuwa Malumfashi, ta haɗa da Bakori, Danja, Ƙafur, Ƙanƙara, Faskari, Dandume da Sabuwa, ita ce rumbun Jihar Katsina. Ruwan samanta ya fi na arewacin jihar, yakan kai milimita 1,000 a shekara mai albarka, ƙasarta kuma tana riƙe danshi, tana karɓar dawa da auduga. Abin da mutanenta suke ci da yadda suke morar jikinsu ya sauya ƙwarai cikin shekaru 50 da suka wuce. Yankin yana cikin wurare ƙalilan a ƙasar Hausa da masu bincike suka zauna suka auna ci da aiki da lafiyar jama'a tun sauyin bai kankama ba, don haka tarihinsa bai dogara ga tunanin tsofaffi kaɗai ba.

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, dawa ce uwar abinci a nan, kaura da farfara, sai gero da maiwa su biyo baya. Da dare tuwo ne da miyar kuka ko kuɓewa ko karkashi, an kaɗa da daddawa. Da safe ɗumame ko koko, da rana fura, da nono idan Fulani suna kusa, da ruwa idan babu. Wake yana shigowa ta ɗanwake da ƙosai, ganye kuma ta kwaɗon zogale da rama da tafasa, da fate mai yakuwa. Mai kaɗan ake gani, na gyaɗa ko na kaɗe ko na shanu, ana ɗiga shi ne a kan tuwo, ba a cika tukunya da shi. Nama sai ranar kasuwa, ko suna, ko Sallah. Zaƙi kuwa sai zuma, da garin ɗorawa, da rake da mazarƙwaila na fadamu irin na Danja, kuma babu ɗayansu da ake samu kullum. Masara tana nan, amma 'yar bayan gida ce, ana shuka ta inda ake zubar da toka da kashin dabbobi, a gasa ta ɗanya.

Kowace loma ta wannan tuwo sai an biya ta da gumi. Magidanci da 'ya'yansa suna fita gandu tun da sassafe: sharar gona a bazara, shuka da sungumi, noman fari da fartanya a duƙe, maimai, huɗa da garma, sannan girbi da ɗaurin dami da ɗaukarsa zuwa rumbu. In an tashi daga gandu, saurayi ya wuce gayaunarsa. Kasuwa a ƙafa ake zuwa, ana kora jaki. Aikin mata ma bai gaza ba. Kafin zangarniya ta zama gari sai an yi sussuka, an sheƙe, an surfa, an wanke, an daka ko an durƙusa a kan dutsen niƙa, an tankaɗe, kuma gobe ma haka. Ga jan ruwa a rijiya, ga tuƙin tuwon gida mai mutum 20. A gidajen Maguzawa, waɗanda Murray Last ya zauna cikinsu kusa da Malumfashi daga ƙarshen shekarun 1960, mata suna haɗa duk wannan da noman gonakinsu.

Jiki yana bin shekara. Da kaka mutane sukan murmure, a yi aure, a yi dambe da kokawa. Da marka, lokacin da aiki ya fi tsanani, a nan ne rumbu yake yin ƙasa, ga zazzaɓi ga gudawa, sai a ga ƙato ya zabge. Bayan wannan ramar ta kowace shekara akwai manyan yunwa, kamar Kakalaba ta 1914 da farin 1972 zuwa 1974. Al'ummar da ta tashi a haka dole ta ga ƙiba da daraja. Teɓa ta hakimi ce da attajiri da babban bafatake, mutanen da wani yake yi musu noma. Amaryar da ta yi jiki bayan 'yan watanni shaida ce cewa mijinta yana riƙonta da kyau. Wannan fahimta ba wauta ba ce a zamaninta, domin yaro mai tsoka ya fi ramamme tsallake kyanda da gudawa.

Mulkin mallaka ya kawo kuɗi, amma bai taɓa tukunya sosai ba. Jirgin ƙasa daga Zariya ya ratsa Funtua zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, aka kafa gidajen gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, da gonar irin auduga a Daudawa. Manomi ya sami kuɗin haraji da na atamfa da kananzir, daga baya da na keke da garmar shanu. Sukari da shayi da burodi suka bayyana a tasha da kantuna. A ƙauye dai tuwon dawa bai gusa ba.

Hoton da ya fi fitowa sarai shi ne na shekarun 1970, lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful a Ingila suka gudanar da babban bincike a Malumfashi. Abin da ya dame su shi ne zazzaɓin cizon sauro, tsargiya, sanƙarau, saran maciji da rashin isasshen abinci. Andrew Tomkins ya bi yara ƙanana a ƙauyukan yankin, ya nuna a 1981 cewa yaron da ya rame gudawa takan fi daɗewa a jikinsa. Richard Longhurst ya zauna a wani ƙauye kusa da Malumfashi yana auna abin da gidaje suke ci da ƙarfin da suke kashewa a aiki. Rahotonsa na 1984 ya bayyana halin ƙaramin manomi a matsayin tarko: aikin da zai fitar da shi daga yunwa yana cin ƙarfin da abincinsa ba ya iya mayarwa. Ƙiba ba ta cikin matsalolin da suka sa a gaba, saboda ba ita ce ke kai mutane asibiti ba.

Wani bincike na lokacin ya taɓa al'ada kai tsaye. Likitoci a Zariya, Davidson da Parry da abokan aikinsu, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. A 1974 suka ba da rahoton cewa cutar ta fi yawa a kewayen Zariya da Malumfashi, inda ake tsananta wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa mai yawa har kwana 40. Sun ga cewa gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya nauyi. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Ƙaraye a Kano ya nuna cewa ƙarancin sinadarin seleniyam da talauci suna da hannu, don haka ba a ɗora wa kanwa laifin duka. Amma tun a lokacin an gane cewa abin da ake ci da niyyar ƙara lafiya yana iya taɓa zuciya.

Babban juyi ya zo a 1975, da aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtua da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shirin ya shafi ƙasar Funtua da ta Malumfashi har zuwa 1980. Ya kawo takin zamani mai rahusa, da cibiyoyin sayar da kayan noma, da hanyoyin karkara, da madatsun ruwa, da ingantaccen irin farar masara. An sa rai ga auduga, amma masara ce ta ci gajiyar takin, domin tana ba da buhuna fiye da dawa kuma tana nuna da wuri. Cikin shekaru kaɗan ta fito daga bayan gida ta mamaye manyan gonaki, kasuwanni irin na Dandume da Bakori suka cika da manyan motoci masu lodi zuwa kudu. Paul Clough, wanda ya fara zama a Marmara kusa da Malumfashi a 1977, ya rubuta yadda fataucin hatsi ya tara wa wasu manoma dukiya a wannan zamani. Tuwon masara ya hau kan na dawa a gidaje da yawa. Masarar kanta ba ta da aibu. Illar tana wajen ɓarza da surfen inji, wanda yake kwashe dusa da ƙwayar da ke ɗauke da amfani, ya bar gari fari fat wanda yake saurin zama suga a jini.

Aikin jiki ya ragu ta hanyoyi da yawa, kuma kowacce rahama ce ga wanda ya san wahalar da ta ɗauke. Injin niƙa ya kawar da dutse, ya rage daka. Garmar shanu da tarakta sun karɓi huɗa, maganin feshi ya karɓi rabin aikin fartanya, injin casa ya karɓi sussuka. Babura masu araha da suka cika ƙasa daga ƙarshen shekarun 1990 sun sa tafiyar da ake yi a ƙafa ta koma ta acaɓa, ko da daga gida zuwa bakin kasuwa ne. Funtua ta zama gari na masaƙa da dillalai da direbobi da ma'aikatan ofis, masu yini a zaune. Matan da ke cikin kulle su abin ya fi shafa, domin daka da niƙa su ne motsa jikinsu, kuma ba a kawo wani abu a madadinsu ba.

A daidai wannan lokaci abin da ke cikin kwano ya canza. Shinkafa, wadda a da sai biki, ta zama ta kullum. Taliyar leda da indomi, wadda aka fara sarrafawa a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1990, suka shiga ko'ina. Teburin mai shayi misali ne a fili: kofi ɗaya da sukari cokali uku ko huɗu da madarar gwangwani, da rabin burodi, da indomi da ƙwai da aka soya cikin mai. Dunƙulen ɗanɗano mai gishiri ya rage wa daddawa kasuwa, awara da fanke da cincin suna iyo a mai, lemon kwalba ya zama abin tarbar baƙo. Hatta fura da kunu da zoɓo yanzu sai an zuba musu sukari.

Alƙaluma sun bi sawun wannan sauyi. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa ya nuna cewa matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 masu nauyi fiye da kima sun tashi daga kashi 22 cikin 100 a 2008 zuwa kashi 28 a 2018, kuma abin ya fi yawa a birane da gidajen masu hali. A Sakkwato, Anas Sabir da abokan aikinsa sun sami ciwon suga a jikin kashi 4.6 cikin 100 na Fulanin birni, amma ƙasa da kashi 1 a Fulanin karkara. Jini ɗaya ne, zama ne ya bambanta. Tun a 1997 Richard Cooper ya nuna irin wannan a tsakanin baƙar fata: hawan jini kashi 16 a Afirka ta Yamma, 26 a tsibiran Karibiyan, 33 a Amurka, yana hawa tare da nauyin jiki da cin gishiri.

Abin takaici shi ne tsohuwar matsalar ba ta tafi ba. Binciken na 2018 ya sami kimanin kashi 61 cikin 100 na yaran Jihar Katsina 'yan ƙasa da shekara 5 a tsumbure, adadin da yake cikin mafi muni a ƙasar. Ana iya samun uwa mai ƙiba da ciwon suga tana goye da yaro mai tamowa a gida ɗaya, domin abinci mai cika ciki da arha, wato gari da mai da sukari, ba shi ne mai gina jikin yaro ba. Akwai kuma alaƙa mai zurfi tsakanin biyun. David Barker na Ingila ya nuna tun ƙarshen shekarun 1980 cewa wanda aka haifa da ƙarancin nauyi ya fi shiga haɗarin hawan jini da ciwon suga da na zuciya idan ya girma, musamman in ya sami wadata daga baya. Yaran da aka auna a ƙauyukan Malumfashi a shekarun 1970 su ne dattawan yau masu shekara 50 da ɗoriya, waɗanda suka yi ƙuruciya cikin fari suka manyanta cikin zamanin shayi da babur.

Game da wanne ya fi nauyi tsakanin ci da rashin motsi, bincike ya ba da amsar da ba a zata ba. Amy Luke da abokan aikinta sun kwatanta matan karkara a kudu maso yammacin Nijeriya da baƙaƙen mata a Shikago, suka ga ƙarfin da suke ƙonawa a yini bai bambanta sosai ba idan aka yi la'akari da girman jiki, alhali na Shikago sun fi ƙiba nesa ba kusa ba. Wannan ya karkata hankali ga abinci a matsayin babban mai jawo ƙiba. Motsa jiki kuwa amfaninsa yana wajen saukar da hawan jini da suga da kare zuciya, ko nauyi bai ragu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, da gishiri ƙasa da giram 5 a yini, da sukarin da bai kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini ba.

Tsohuwar darajar ƙiba ta fi zamaninta daɗewa. Har yanzu wanda ya rage jiki da gangan sai an tambaye shi ko lafiya, wasu 'yan mata kuma suna sayen ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe kafin aure, waɗanda wasunsu suke kumbura jiki su jawo suga da hawan jini. Da yawa ba sa sanin jininsu ya hau sai ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce ko sammu. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma hauhawar farashi ta rage masa tasiri. A 'yan shekarun nan kuma hare-haren 'yan bindiga a Faskari, Ƙanƙara, Sabuwa da Dandume sun raba iyalai da yawa da gonakinsu, sun tura su cikin Funtua da Malumfashi da sauran garuruwa, inda babu rumbu kuma babu zogalen bayan gida, sai abin da kuɗin yini ya iya saya a kanti.