Daga Kuɗin Laraba Zuwa Kuɗin Lesin: Hannun Iyaye a Makarantun Ƙasar Jega

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karon wata gardama ce da na tarar ana yi a ƙofar wata firamare a Jega, lokacin da na je gida ta'aziyya. Wani magidanci ya rantse ba zai ba da ko kwabo na kuɗin lesin ba, wai gwamnati ta ce ilimi kyauta ne, saboda haka wannan bidi'a ce ta malaman zamani. Ban sa musu baki ba, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin a wannan sha'ani ni ganau ne ba jiyau ba, kuma na san cewa taimakon da iyaye ke yi wa makaranta ya girmi boko a ƙasarmu nesa ba kusa ba.

Bari mu faro daga tushe. Jega da Aliero da Maiyama duk ƙasar Gwandu ce, wato ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wadda aka gina a kan karatu. Gimbana, garin Malam Abdussalami wanda Gobirawa suka kai wa hari gab da hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804, tana nan cikin ƙasar Jega, kuma ɗansa Buhari ne ya kafa ita Jegar kanta. To a wancan zamani malamin allo ba shi da albashi. Iyaye ne ke riƙe da shi. Ranar Laraba kowane yaro ya zo da abin da aka ba shi a gida, shi ne kuɗin Laraba, kafin a tafi hutun Alhamis da Juma'a. Da damina a taya malam noma, da kaka a kai masa dami, yara su yi itacen karatun dare, idan yaro ya sauke kuma uba ya yi sadaka daidai ƙarfinsa. Babu wanda ya taɓa cewa an zalunce shi, domin kowa ya ɗauka makarantar tasa ce.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sai aka zo da wata irin makaranta wadda ba ta iyaye ba. Elemantare ta En'e ce, En'e ke gina ta, ita ke biyan malami, kuma ta hannun hakimai da dagatai ake karɓar yara, sau da yawa ba da son iyayensu ba. Kakata ta sha ba mu labarin yadda ake ɓoye yaro cikin rumbu idan an ji masu ɗaukar 'yan makaranta sun shigo gari. Wanda aka ƙwace wa ɗa kuwa ai ba za a ce ya kawo gudummawa ba. Daga nan ne aka samu makarantu biyu a zuciyar Bahaushe, ta allo tamu, ta boko ta hukuma.

Ni ina cikin 'yan UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumba na 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, wadda muke cikinta har zuwa 1991 da aka yanke Jihar Kabi. A wani ƙauye na ƙasar Aliero aka sa ni aji ɗaya. Ba a tambayi takardar haihuwa ba, an dai ce in ɗora hannu bisa kai in taɓo kunne. An ba mu littattafai da fensir kyauta, an gina azuzuwa, kuɗin mai na shigowa. Sai dai yaran da suka fito sun fi waɗanda aka yi lissafi yawa a duk faɗin Najeriya, malamai kuma horon gaggawa aka yi wa da yawansu.

Ba a je ko'ina ba farashin mai ya faɗi. A 1982, muna aji shida, gwamnatin Shagari ta shigo da tsuke bakin aljihu, albashin malamai ya fara makara, alli ma ya zama abin nema. A shekarar ne na ga taron iyaye da malamai na farko a rayuwata, a ƙarƙashin dalbejiyar makaranta. Hedimasta ya faɗa musu gaskiya cewa idan aka bar mu haka babu wanda zai ci jarrabawar shiga sakandare. Aka yi shiru. Can sai mahaifina, manomin albasa wanda bai san ko bihim ba a boko, ya ce, "Malam, ɗiyan ga namu na, ba na gwamna ba na. Faɗi abin da za mu yi." Allah Ya jiƙansa, wannan kalma tasa ba ta taɓa fita daga kunnena ba.

Abin da suka yi ba wani abu ne mai girma ba. Aka sa mana darasin yamma bayan La'asar, Lissafi da Turanci, malamai biyu suna yi, iyaye na haɗa musu ɗan ihsani, mai kuɗi ya ba da kuɗi, marar kuɗi ya kawo albasa ko gero. Aka ɗauko wani malamin zaure yana koya mana Larabci da tajwidi. Wani kafinta ya ƙera akwati, wani direban da ke zuwa Sakkwato ya sayo littattafan hikaya na Hausa aka zuba a ciki, ana ba mu aro daga Alhamis zuwa Litinin. A cikin akwatin nan na fara sanin daɗin karatu, kuma da ba don shi ba da mai karatu bai ga wannan rubutu ba. Abu mafi wuya shi ne alkawarin da iyaye suka yi na sakin yara daga fadama lokacin dashe da ban ruwa, domin a Aliero hannun yaro a gonar albasa kuɗi ne.

Da na zama malami aka tura ni ƙasar Maiyama bayan shigowar shirin SAP na 1986, na tarar abin ya zama ruwan dare. Ƙungiyar iyaye ce ke gyara rufin da iska ta yaye, ita ke biyan malaman sa-kai. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shiryawa a 1986 ta sa iyaye sun ƙara zuba kuɗi a Islamiyyun yamma, waɗanda galibi a cikin azuzuwan firamare ake yin su bayan an tashi. Ga kacici-kacici da muhawara da wasan kwaikwayo na ranar ba da kyaututtuka, duk daga aljihun iyaye. A Jega kuwa, da yake gari ne na kasuwa kuma mahaɗar hanyoyin Sakkwato da Birnin Kabi da Yawuri, 'yan kasuwa sun fi sakin hannu, domin sun ga amfanin ɗan da ya iya rubuta lissafin shago.

Amma kada in faɗi alheri in ɓoye aibi. Na ga inda gudummawa ta koma haraji, ana korar ɗan talaka gida saboda bai biya ba. Na ga malamin da ke rage karatun safe don ya sayar da shi da yamma. Na ga kuɗin da aka tara ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Kuma 'ya'ya mata su suka fi cutuwa, domin lokacin lesin shi ne lokacin talla. Har yau ina tuna wata yarinya da ta fi kowa ƙoƙari a ajina, wadda farantin ƙosai ya raba da darasin yamma, daga nan ya raba ta da makarantar baki ɗaya.

A watan Satumba na 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Daga baya aka kawo kwamitocin kula da makaranta, masu haɗa iyaye maza da mata da mai gari da tsofaffin ɗalibai. A 2006 aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, jikan manomin albasa yana hango ta daga gona. To amma ƙofarta daga aji ɗaya take farawa.

Saboda haka magidancin nan yana da gaskiya ta wani ɓangare, domin doka ta hana a tilasta masa, kuma haƙƙin gwamnati ne ta biya malami ta gina aji. Inda ya kuskure shi ne da ya kira abin bidi'a. Kuɗin Laraba bai taɓa sa an kori yaro ba, kuma kowa na ganin inda ya tafi. Idan za a riƙe waɗannan sharuɗɗa biyu, a karanta lissafi a gaban taro, a bar ɗan marar hali ya zauna tare da 'yan'uwansa, to lesin gadonmu ne. Allah Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ya ba mu ikon yi wa na baya abin da aka yi mana, amin.