Tarihin Man Fetur a Kan Iyakar Bagudo da Benin

Man fetur da kananzir da dizal duk 'ya'yan ɗanyen mai ne, shi kuma ɗanyen mai ragowar halittu ne da suka rayu a cikin ruwa tun kafin a san ɗan Adam a doron ƙasa. Ƙananan tsirrai da ƙwayoyin halittar teku, waɗanda ido ba ya iya gani ɗaya-ɗaya, sukan mutu su nutse cikin taɓo inda babu iskar da za ta ruɓar da su. Yashi da laka su yi ta hawa kansu shekaru miliyoyi. Idan suka yi nisan kilomita 2 zuwa 4 a ƙarƙashin ƙasa, zafi ya kai tsakanin digiri 60 da 150, sai su narke su koma mai. Idan zafin ya zarce haka, iskar gas ake samu. Man yakan tsiyaya sama ta kafofin dutsen yashi har ya ci karo da shimfiɗar dutsen da ba ya ratsuwa, a nan yake taruwa. Kwal kuwa daga itatuwa da ciyayin fadamu yake, waɗanda ƙasa ta danne har suka ƙame suka yi baƙi.

Ƙasar Bagudo, inda Sharabi da Illo da Lolo da Ka'oje da Tsamiya suke, tana gefen kudu na babban kwarin da masana duwatsu ke kira kwarin Sakkwato, wanda ya miƙa har cikin Nijar da Mali. Ɗaya daga cikin tsofaffin shimfiɗun wannan kwari da sunan garin Illo aka san ta a littattafan ilimin duwatsu: yashi ne da tsakuwa da yumɓu da koguna da tafkuna suka zuba fiye da shekaru miliyan 70 da suka wuce. Daga baya teku ta malalo ta tsakiyar Sahara ta rufe wani ɓangare na kwarin, ta bar farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a Sakkwato, da ƙasusuwan kifaye da kadoji a wajen Dukamaje. Sai dai kaurin waɗannan shimfiɗu a ɓangaren Najeriya bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na yankin Neja Dalta, inda lakar da kogi ya tara ta kai kaurin kilomita goma. Shi ya sa har yau duk ɗigon man da ake ƙonawa a Bagudo baƙo ne, daga nesa ake kawo shi.

Kafin zuwan Turawa, itace da kara da gawayi su ne makamashin wannan ƙasa, fitila kuma aci-bal-bal ce ta man kaɗe ko man gyaɗa. Kananzir ne ya fara shigowa, a cikin garewani, ta hannun kamfanonin ciniki na zamanin mulkin mallaka, tare da fitilar ƙwai. A kudu kuwa an gano kwal a Udi a 1909, aka shimfiɗa layin dogo daga Inugu zuwa Fatakwal a 1916, kuma da wannan kwal jiragen ƙasa suka riƙa jan gyaɗar Arewa zuwa bakin teku. A mahaƙar kwal ta Iva Bali ne 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 ranar 18 ga Nuwamba 1949 a kan rikicin albashi.

A 1956 kamfanin Shell-BP ya samu mai a Oloibiri, aka fara fitar da shi waje a 1958. Najeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, ta kafa NNPC a 1977, ta buɗe matatar Kaduna a 1980. Daga Kaduna aka ja bututu zuwa ma'ajiyar Gusau, inda tankoki suka riƙa ɗauka su bi hanyar Sakkwato da Jega su gangara garuruwan bakin kogin Kwara.

Abin da ya mayar da fetur hajar kan iyaka shi ne farashi. Tun shekarun 1970 gwamnatin Najeriya ta ƙayyade kuɗin lita, tana cike giɓin daga baitulmali. Jamhuriyar Benin ba ta da matata, kuma tana ɗora haraji a kan man da take shigowa da shi. Ga naira tana faɗuwa tun daga 1986, ga sefa tana jingine da kuɗin Faransa, daga baya da yuro. A zamanin tallafin, litar da aka saya da arha a gidan mai na Bagudo, da zarar ta tsallaka zuwa Segbana ko ta bi hanyar Lolo zuwa Malanbil, sai ta ninka kuɗinta ko ta kusa. Iyakar kuma layi ne da Ingila da Faransa suka ja a tsakanin mutanen da suke dangi: Dandawa da Zabarmawa da Busawa da Fulani da Hausawa suna zaune a ɓangarorin biyu, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna. Hanyoyin da fatake suka bi da goro da gishiri da kanwa su ne jarkoki suka gada.

Yadda ake sana'ar ba ɓoyayye ba ne. Jarka mai cin lita 25 ita ce ma'auni. Akan ɗaure shida ko takwas a jikin babur, biyu-biyu a kowane gefe, sauran a kan kujera, har mahayin ya koma zaune kusa da tanki, ya bi burtali da asuba ko cikin dare. Wasu ta ruwa suke bi, su jera jarkokin a cikin kwalekwale su rufe da tabarma. A can ƙetare akan juye man cikin manyan kwalaben gilashi a jera su kan teburi a bakin titi, mai babur ya tsaya a zuba masa da mazurari da ƙyallen tacewa. Mutanen kudancin Benin suna kiran wannan mai kpayo, kuma shekaru da dama shi ne mafi yawan fetur ɗin da ake sha a ƙasar. Hukuma fasa-ƙwauri take kiransa; gidajen da ba su da wani abin yi bayan an gama girbi kuwa da shi suke cefane.

A watan Agusta 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin tudu, a Nuwamba kuma hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wannan doka ta fi cin talaka: manomi da mai injin niƙa da ɗan kabu-kabu da ba su taɓa tsallaka da ko kwalba ɗaya ba sai ga su suna saye da tsada a wajen 'yan bumburutu. Ranar 29 ga Mayu 2023 Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, ta ci gaba da hawa. Ribar tsallakawa ta ragu ƙwarai.

Babu inda tsadar ta fi ciwo kamar fadama. Noman rani na shinkafa, wanda ya bunƙasa bayan ƙaddamar da shirin bashin manoma a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, ya dogara ne da ƙaramin injin ban ruwa da ke jan ruwa daga kogi ko rijiyar burtsatse. Gona takan so ruwa duk bayan kwana biyu ko uku har tsawon wata uku zuwa huɗu, don haka kuɗin fetur yana cikin kowane buhun shanshera. Takin yuriya ma da iskar gas ake yinsa, kwalta da leda da bokitin roba kuma duk daga mai suke. Wasu manoma sun juya injinansu zuwa gas ɗin girki, masu hali sun koma farantin hasken rana.

Ɓarnar mai kuwa ta fi yawa a inda ake haƙo shi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya nuna mai ya gurɓata rijiyoyin sha da gonaki da wuraren kamun kifi, ya ce gyaran zai iya ɗaukar shekaru 25 zuwa 30. Har yanzu ana ƙona iskar gas a banza a rijiyoyin yankin. A kan hanya, wuta ce babbar musiba: gobarar bututu a Jesse ta ci rayuka fiye da 1,000 a 1998, rumbun ajiye kpayo a Seme-Krake ya hallaka mutum sama da 30 a Satumba 2023, tankar da ta kife a Majiya ta jihar Jigawa ta kashe fiye da 150 a Oktoba 2024. Hayaƙin janareta a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da wari ko gargaɗi ba, baƙin mai da ake zubarwa a garejin bakin kogi kuma yana ƙarewa a ruwan da masunta ke jefa taru.

Kowace litar fetur da aka ƙone tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon da ke riƙe zafi a sararin samaniya. Yawan wannan iska ya tashi daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau. Rabon yankin Sahel a wannan hayaƙi ƙanƙani ne ƙwarai, amma yana cikin wuraren da zafi ke ƙaruwa kuma ruwan sama ke zuwa da ƙarfi a lokaci guda. A damina ta 2020 kogunan Kwara da Rima sun yi ambaliya, suka shanye gonakin shinkafa masu yawa a jihar Kebbi ana dab da girbi.

Sabon babi a tarihin mai na wannan shiyya daga Nijar ya zo. An shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga rijiyoyin Agadem da ke gabashin ƙasar, ya ratso ta wajen Gaya, arewa maso yamma da Bagudo, ya bi tsawon Benin har tashar Seme a bakin teku. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ne ya gina shi, kuma jirgin farko ya ɗauki ɗanyen man a watan Mayu 2024.