Motar tsere ta haɗa-da-kanka

Mota ce da kamfani ke sayar da sassanta, mai saye ya harhaɗa da hannunsa. Galibi akan kwaikwayi tsofaffin motocin tsere ne, irin su AC Cobra.

A 1957 kamfanin Lotus na Birtaniya ya fara sayar da samfurin Seven a haka, abin da ya sauƙaƙa wa masu saye haraji.

Sau da yawa dai daga wata tsohuwar mota ake ciro mata inji, kamar Ford Mustang ko Mazda MX-5. Don haka mai son harhaɗa ta a Kazaure ko Roni sai ya fara tabbatar da cewa ana samun kayan gyaran injin a Kano.

Sai batun sitiyari: tun 1972 Najeriya ta koma bin hannun dama, kuma doka ta haramta motoci masu sitiyari a dama, irin na Birtaniya.