ALASTRIM: SUNAN DA LIKITOCI SUNKA BA ƘARAMAR AGANA



Dattawanmu sun san agana. Sun ga gidajen da ta rufe, sun ga makahin da ta bari da masu zanzana ga fuska. Amma ga littattafan likita agana iri biyu ce. Babbar, da Latinanci variola major, tana kashe kusan mutum 30 cikin 100. Ƙaramar, variola minor, ba ta cika kashe fiye da mutum 1 cikin 100 ba. Ita ce ake kira alastrim.

Sunan ya fito daga Birazil. Asalinshi kalmar Fotugis ce, alastrar, wato bazuwa. Masu sa sunan ba su yi kuskure ba. Mai babbar agana kwance yake, ba ya iya ko zuwa bakin ƙofa. Mai alastrim kuwa zazzaɓinshi da sauƙi, ƙurajen su bushe da wuri, sai ya tashi ya shiga kasuwa, ya hau mota, ya tafi biki, yana raba ma jama'a ciwo bai sani ba. Sau da yawa kuma a ce ƙaranbau ne, kowa ya saki jiki.

Amfanin sunan ke nan ga likita: ya tuna mishi ciwon agana ne komi sauƙinshi, sai an keɓe majinyaci an yi ma na kusa da shi lamba. Wanda ya warke daga ƙaramar, babbar ba ta kama shi, kuma lamba guda ce ke tsare mutum daga duka biyun.

A 1967 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ɗaura yaƙin ƙarshe da agana. Shekarar nan masu lamba sunka fara bin garuruwan Nijar da maƙwabta da bindigar allura. Zuwa 1970 agana ta ƙare Afirka ta Yamma, a 1971 ta ƙare Birazil. Babbar ta yi kamunta na ƙarshe cikin jama'a a Bangaladash, 1975. Ƙaramar da aka raina ita ta rage. Cikin watan Oktoba 1977 ta kama Ali Maow Maalin, mai dahuwa a asibitin Marka, ƙasar Somaliya. Shi ma da farko an ce ƙaranbau ne. Ya warke, daga baya ya shiga aikin rigakafin shan-inna har rasuwarshi a 2013. Ran 8 ga Mayu 1980 OMS ta shaida agana ta gushe daga duniya.

To, ku masu kai-da-komo tsakanin birni da gida, ciwon da bai kwantar da ku ba yana iya kwantar da jaririn da kunka ɗauka. In ana rigakafin ƙyanda ko sanƙarau, a kai yara. Dattawa kuma su nuna ma jikoki tabon lambar da ke ga damtsensu, su faɗa musu dalilinshi.

Allah shi ƙara mana lafiya, amin.