Daga Sally zuwa Madoka: wa ke ba yarinya sandar tsafi?

A tatsuniyoyinmu, 'yar bora ce ke shiga daji ta fito da arziki. Ta gamu da tsohuwa, ta yi mata ladabi, ta cuɗa mata baya, sai ta dawo gida da dukiya. Kyan hali shi ne jarinta. Japanawa ma sun daɗe suna ba 'ya'yansu irin wannan alkawari a fina-finan zane da suke kira anime.

Abin ya kankama a 1966, lokacin da kamfanin Toei ya fito da Sally, gimbiyar ƙasar tsafi da ta sauko duniyar mutane tana taimakon ƙawayenta. A 1992 Sailor Moon ta Naoko Takeuchi ta hau talabijin: 'yan makaranta, kyanwa mai magana, ɗan abin ado da ke mayar da yarinya jaruma. Akwai hawaye a ciki, amma ƙauna ce ke yin rinjaye.

Tun kafin nan bango ya fara tsagewa. Minky Momo ta 1982 ta rasa goyon bayan kamfanin kayan wasan da ke ɗaukar nauyinta, sai masu shirin suka sa babbar mota ta kaɗe ta a kashi na 46. Motar kuwa kayan wasan yara ta ɗauko.

Wanda ya rushe bangon shi ne Gen Urobuchi, marubucin Madoka Magica, shiri mai kashi 12 da kamfanin Shaft ya fitar a 2011. An yi zanen da launuka masu sanyi, kai ka ce na 'yan firamare ne. Kyubey, wata farar halitta mai kama da mage, yana zuwa wa yarinya da tayi: faɗi burinki ɗaya a cika miki, ke kuma ki yaƙi mayu. A kashi na 3 aka cinye kan Mami Tomoe, ɗaya daga cikin 'yan matan da suka karɓi tayin, a gaban ƙawayenta. Sannu a hankali asiri ya tonu: an zare ran kowace yarinya an zuba shi a ƙaramin dutse, ranar da baƙin ciki ya cika dutsen kuwa, ita ce za ta rikiɗe mayya. Baƙin cikin nan shi Kyubey ke girba. Bai taɓa yi musu ƙarya ba. Abin da ba su tambaya ba ne bai faɗa ba.

A ganina, mutumin Birnin Gwari ba ya buƙatar a yi masa fashin baƙin wannan labari. Dajin Kamuku, da aka keɓe tun 1936 aka kuma mayar gandun ƙasa a 1999, ya zama maɓoyar 'yan bindiga, hanyar Kaduna ta koma abin fargaba. Da 'yan Ansaru suka shigo ƙauyukan gabashin masarautar, irin su Damari, da sassanyar murya suka zo. Sun yi alkawarin kare jama'a daga ɓarayin daji, sun raba kyauta, sun ja samari jikinsu, sun nemi auren 'yan mata. Wanda aka kora masa shanu, aka hana shi zuwa gona, wa zai ga laifinsa in ya saurara?

Shi ya sa Sayaka, wata daga cikin 'yan matan Madoka Magica, ta fi tsaya mini a rai. Ba ta roƙi kuɗi ko mulki ba. Hannun wani yaro mai goga molon Turawa ta roƙa a warkar, kuma hannun ya warke. A kashi na 8 ta zama mayya.